Kwalba Mai Sunan Mama Kande

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Asabar na ɗora farar rigar lab a kan kayana. Na san lokacin daidai, domin na duba agogo na rubuta a littafina, yadda na saba rubuta komai. Sanyin Disamba ne ya sa ni. Suwaitata na wanke ta tun jiya ba ta bushe ba. Da na san abin da rigar nan za ta jawo mini, da jiƙaƙƙiyar suwaitar na fita da ita.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina zaune a ɗakin haya a Samaru tare da ƙawata Rifkatu. Shekara uku da rabi ke nan da na baro ƙauyenmu a kudancin Kaduna, amma abin da na sani a Zariya bai wuce aji da laburare da lab da coci ba. Har yau mutane kan yi dariya idan na ce tafiya mafi wuya da na taɓa yi ita ce daga Samaru zuwa bayan Chikaji. Sukan ce ai bas ɗaya ce. Ba na musu da su. Nisan wuri ba a ƙafa kaɗai ake auna shi ba.

Karatuna a kan ƙananan ƙwayoyin da ke sa abinci ya tashi ko ya lalace ne. Malamin da ke duba aikin bincikena ya ba ni burukutu in yi bincike a kansa. Ya ce kowa ya san burukutu ba ya jimawa, in ya kwana sai ya fara komawa kamar ruwan tsamiya. Amma ya sha jin labarin wata mata a Sabon Gari, Mama Kande, wadda nata ke kwana uku a tukunya daɗinsa bai canja ba.

"Ki ɗebo mini kwalba shida daga tukunyarta," in ji shi. "Ranar Litinin nake son ganinsu a lab. Sai mu gano dalili."

Bayan Litinin za a rufe lab don hutun Kirsimeti, in an dawo kuma sai rubutu. Wanda bai kawo nasa ba sai ya maimaita shekara.

Ni 'yar malamin coci ce. A gidanmu ko layin da ake sayar da giya ba a bi. A wasiƙar da na aika wa Baba na rubuta cewa ina bincike a kan dawa. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙara komai a kai ba.

Rifkatu ce ta kawo hanya. A Unguwar Gabas ta girma, a wurin goggonta Asabe. Ta ce kowace shekara bayan an gama girbi, sanyi ya kankama, masu dafa burukutu kan yi taron kwana biyu. Kowace ta dafa nata da sabuwar dawa, dattawa su ɗanɗana, wadda ta yi fice a ba ta sabuwar tukunya da turmin atamfa. Mama Kande ba ta taɓa fashi ba.

"A ina ake yi?" na tambaye ta.

"Bayan Chikaji. Sun ɗan ja baya daga cikin gari shekarun nan. Kada ki damu, na san Sabon Gari kamar yunwar cikina."

Ta gayyato Jummai, 'yar ajinsu, wadda ta ce ita ba bincike ya kai ta ba, nama da rawa za ta je. Jummai ce kaɗai mai wayar hannu a cikinmu, ko da yake ban taɓa ganin ta da kati ba. Muka fito mu uku, ni da farar riga, kula cike da ƙanƙara da kwalabe a hannun dama, littafi da biro a aljihun gaba.

"Kai, Hannatu," in ji Jummai, "sai ka ce za ki yi wa burukutun allura."

A bakin titin Samaru muka tsaya har takwas da rabi. Ana wahalar mai, motoci duk suna layi. Da bas ta zo mutane suka yi mata caa, sai kwandasta ya hango ni.

"Ku matsa wa likita! Likita, zo gaba."

Ban taɓa zama gaban bas ba. Wata tsohuwa ta miƙo ƙafa daga baya ta nuna mini gwiwarta da ta kumbura. Na ce mata ni ba likita ba ce, ta ce to ko ɗan abin da na sani. Na ce ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi, ta kuma je asibiti. Ta sa mini albarka har muka kai Kwangila. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

A Kwangila direba ya kutsa cikin layin mai ya kashe mota, ya ce nan ne ƙarshe. Muka taka da ƙafa. Da muka shiga gefen kasuwar Sabon Gari na fara lura da wani abu, sai dai ban fahimce shi ba. Wani mahauci ya ja takarda ya rufe namansa. Wata mai abinci ta tashi da sauri ta kama sharar gaban rumfarta. Mai ƙosai ta ƙulla guda goma ta cusa mini a hannu, ta ce, "A yi haƙuri, ranki ya daɗe, gobe za mu gyara kwatar."

"Wace kwata?" na tambayi Rifkatu.

"Oho. Farin jini gare ki yau," in ji Jummai, ta karɓe ƙosan.

A Chikaji yunwar cikin Rifkatu ta ƙare. Ta tsaya a mararraba tana juye-juye, daga baya ta amsa cewa rabonta da wajen tun tana firamare. Muka fara tambaya. Matar farko ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce mu bi layin dogo mu yi gabas. Muka bi har gidaje suka ƙare. Wani mai faci ya ce mun wuce, mu koma bayan injin niƙa. A bayan injin niƙa babu komai sai bola da awaki. Na uku ya ce an fasa taron bana. Na huɗu ya ce bai taɓa jin wata Kande ba, alhali warin abin na fita daga bakinsa.

Awa uku muna wannan zagaye. Rana ta ɗaga, amma ban cire rigar ba, don ba ni da inda zan sa ta. Ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa na ɗiga a ƙafata. Sai hannun kular ya tsinke, ta faɗi a gaban shagon wani mai walda. Na durƙusa ina duba kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta fashe.

Mai waldar dattijo ne mai farin gemu, da carbi rataye a ƙusa kusa da shi. Ya ɗauki kular ya huda ta, ya yi mata hannu da waya, ya naɗe da tsumma don kada ta yanke ni. Rifkatu ta gaya masa inda muke nema.

"Ni ban san wurin ba, ba na kuma son in sani," in ji shi. "Amma tun safe nake ganin mutane na shiga lungun can shiru, suna fitowa da waƙa. Ku bi hayaƙi."

Ɗaya saura minti ashirin muka isa. Wani babban fili ne a bayan katangar langa-langa, an kafa rumfunan zana a kewaye. A kowace rumfa akwai mace da manyan tukwanenta, kumfa na tashi a bakinsu. Wani ja-ja ne, wani fari-fari, wani kamar kunu. Ana gasa nama, ana dafa farfesu, masu ganga na gefe guda. Na ji yare ya kai biyar kafin in yi taku ashirin, har da namu. Wata mata ta kira 'yarta da irin kiran da Mama ke yi mini, na waiga ban sani ba.

Sai na ga rumfar da muka fara wucewa an ɗora faifai a kan tukunya. Ta biyu ma haka. Duk inda muka nufa hira na mutuwa, in mun wuce ta tashi ƙasa-ƙasa.

Mama Kande na rumfar ƙarshe, mutane sun fi yawa a wurinta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da hular sanyi irin ta maza a kan ɗankwalinta, tana zaune a kan kifaffen turmi. Tukunya ɗaya ce a gabanta, baƙa wul, ta kai ƙugun mutum. Rifkatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ita 'yar gidan Asabe ce ta Unguwar Gabas, waɗannan kuma ƙawayenta ne.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki ƙaramar ƙwarya ta ɗebo, ta kai bakinta ta kurɓa, ta miƙo mini da hannu biyu.

Na yi abin da aka koya mini. Na karɓa, na buɗe kula, na ciro kwalba, na juye a hankali ba tare da ɗigo ya zuba ba. Na murɗa murfi. Na ciro biro na rubuta a takardar da ke jikin kwalbar.

"Me kika rubuta?" in ji ta.

"Sunanki, Mama. Da lokaci."

Ta karɓi ƙwaryarta ta kife. Ta juya mini baya a kan turmin.

"Ai na gaya muku duba-gari ce!" wani ya ɗaga murya. "Tun daga kasuwa aka aiko."

Ba wanda ya taɓa mu. Wasu mata biyu ne suka zo suka tsaya a gefenmu, suka ce rana ta yi, gara mu kama hanya. Suka raka mu har bakin langa-langa. Ina da bayani cike da baki, na shirya shi tun daren jiya, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fita.

A waje wani mutum mai jar hula ya biyo mu. Ya ce in ba shi kwalaben, yanzu zai ciko mini su da na Mama Kande, shi ɗan'uwanta ne. Rifkatu ta tambaye shi sunan garin su Mama Kande, ya faɗi wanda ba shi ba, ta kore shi.

"To ai kin samu ɗaya," in ji Jummai.

Na ce wannan ba za ta yi ba. Baki ya taɓa ta, ƙanƙara kuma ta zama ruwa.

"Sai ki sayi na kowa a hanya ki cika sauran, ki rubuta Kande. Wa zai sani? Burukutu ba ya magana."

"A lab yana magana," na ce. "Ko bai yi ba, ni na sani."

"Ni dai ko ƙashi ban gani ba," in ji ta. "An kore ni daga biki saboda rigar wata."

Da la'asar muka isa gidan Goggo Asabe. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, doguwa, mai magana ɗaya. Ta zuba mana tuwon dawa da miyar karkashi. Loma ta farko na ji kamar a tsakar gidanmu nake, Mama na fifita wuta, ƙannena na faɗa a kan ƙanzo. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona. Goggo ta gani, ta ƙara mini miya.

Sai da muka wanke hannu ta sa Rifkatu ta faɗi abin da ya faru. Ta saurara har ƙarshe.

"Ke Rifkatu jaka ce," in ji ta. "Kin girma a garin nan, kika bar yarinya ta shiga Sabon Gari da farar riga da littafi. Wa ke yawo haka in ba duba-gari ba, masu leƙa tukwane da kwata su rufe wa mutum sana'a?"

"Goggo, ni likita na ga ta yi kama da shi."

"Rufe mini baki." Ta juyo gare ni. "Amma 'yata, ba rigar ce ta ɓata wa Kande rai ba. Ta ga duba-gari sun fi a ƙirga, ba ta tsoronsu. Da take zaton ke ce, ai ba ta rufe tukunya ba, ƙwarya ta ba ki. Kin san dalilin da ya sa ta fara kurɓa?"

Na ce ban sani ba.

"Mai dafawa ba ta ba baƙo sai ta sa bakinta, don ya san babu cuta a ciki. Ranta ta ba ki jingina. Ke kuma kika ɗauki abin da bakinta ya taɓa, kika rufe a kwalba, kika rubuta sunanta, za ki tafi da shi. A garinku in an yi wa mutum haka, ina ake kai kwalbar?"

A garinmu ma wurin boka ake kaiwa.

"Ba na sha, Goggo. Shi ya sa."

"Wa ya ce dole ki sha? Ki karɓa da hannu biyu, ki gode, ki miƙa wa na kusa da ke. Masu wa'azi ma haka suke yi in sun je gaisuwa."

Na tambaye ta ko za ta raka ni ta ba da haƙuri. Ta ce a'a. Wanda ya ɓata da hannunsa shi ke gyarawa da bakinsa. Amma ta ciro mini zane da ɗankwali da wata tsohuwar suwaita mai warin kafur. Ta kuma aika gidan maƙwabta masu firiji aka ajiye mana ƙanƙarar gobe.

Ranar Lahadi muka yi sujadar farko a cocin su Goggo. Ban ji wa'azin ba. Ina ta lissafin abin da zan yi, kuma duk ta inda na biyo amsa ɗaya nake samu. Mayar mata da kwalbar ba zai isa ba, za ta ce na riga na rage wani abu. Zubarwa a ƙasa kuma wani cin fuskar ne. Na tuna Baba, na tuna yadda yake cewa a gidansa ba a taɓa kai wannan abu baki ba. Na yanke shawara kafin a yi addu'ar rufewa, na kuma yanke cewa zan gaya masa da bakina in na je hutu.

Goma da rabi muka shiga filin. Ba a cika ba tukuna, mata na wanke ƙore, ana hura wuta. Wasu ba su gane ni ba sai da suka ga kular. Na wuce kai tsaye rumfar ƙarshe na durƙusa.

"Mama, ina kwana. Sunana Hannatu. Ni ɗaliba ce, ba duba-gari ba. Jiya kin girmama ni, na yi miki rashin kunya don ban sani ba. Ga abinki, ban kai shi ko'ina ba."

Na ciro kwalbar na ɗaga ta yadda kowa zai gani. Na ɓare takardar sunan na ajiye a gabanta. Na buɗe murfin, na kai baki, na kurɓa, na haɗiye.

Ban san irin fuskar da na yi ba. Na dai ji kamar an matse mini lemun tsami goma a maƙogwaro, hawaye suka zubo, na kama tari. Wata mata ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Jummai har da riƙe ciki.

"Ba ta taɓa sha ba!" in ji wata. "Wallahi ba ta taɓa ba."

"'Yar malamin coci ce," in ji Rifkatu.

Mama Kande ta juyo. Ta karɓi kwalbar ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai ya mutu. Ke da za ki fara, sai ki fara da gawa?" Ta kurɓi ɗan kaɗan ita ma, ta watsar da sauran a gindin zana. "Shi ke nan, ya wuce. Tashi, ƙasa da sanyi. Me kike nema a wurina?"

Na gaya mata komai, har da Litinin da maimaita shekara. Ta ce in kawo kwalaben. Na roƙe ta kada a sa baki a waɗannan, na bayyana mata dalili. Ta ce ita ma ba ta yarda a sa hannu a tukunyarta, ta gane. Ta ɗauraye ludayi da tafasasshen ruwa ta cika mini shida da kanta.

"Me zan rubuta a jiki, Mama?"

"Rubuta lamba. Sunana ba na kwalba ba ne."

Na rubuta ɗaya zuwa shida, na jera su cikin ƙanƙara, na rufe. Ta sa aka kawo mana farfesu, ni kuma aka ɗebo mini ruwan tsiron dawa da ba a sa masa komai ba tukuna, mai zaƙi, wanda ta ce shi ake ba masu irin addinina. Jummai ta samu namanta, ta tafi wajen masu ganga.

Ina sha ina tunani. Abin da na kurɓa ɗazu bai cika kwana ɗaya ba, rabin lokacin ma a cikin sanyin dare ya yi shi. Na buɗe littafina na duba, na sake lissafawa. Awa ashirin da ɗaya da 'yan mintoci. Na jira har mutane suka ragu a rumfar, na matsa kusa da turmin.

"Mama, in yi tambaya?"

"Kin sha gawa saboda ni. Tambayi."

"An ce naki yana kwana uku bai yi tsami ba. Dalilin da aka aiko ni ke nan. Amma na jiya ko kwana ɗaya bai cika ba ya mutu."

Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta gyara hularta. Sannan ta sunkuyo har na ji ƙamshin hayaƙi a jikinta.

"Kin taɓa jin na faɗa da bakina? Tukunya ɗaya suke gani a gabana, ba sa ganin na cikin gida. Kullum kafin su tashi na juye na jiya, na wanke ta, na zuba sabo. Su suka ce asiri ne, ni kuwa ban ga dalilin ƙaryata mai kawo mini ciniki ba. Shekara ashirin ba wanda ya tambaye ni sai ke."

"To in rubuta haka? Ba zai ɓata miki ba?"

"Rubuta abinki, 'yata. Wanda ya sha ƙwarya uku ba ya karanta littafin jami'a."